Motar Jama'a, Amma Ban da Mutanen Karkara

Akwai wata magana da muka daɗe muna yaudarar kanmu da ita a Jihar Kano, watau cewa muna da sufurin jama'a. Abin da muke da shi sufurin birni ne, da kuma sufurin masu tafiya daga wannan birni zuwa wancan. Talakan da ke zaune a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir da Bichi da Tsanyawa, wanda shi ne yake noma geron da muke ci a ɗakin cin abinci, ba a taɓa lissafa shi cikin jama'ar da ake nufi ba in ana zancen motar jama'a. Ina so 'yan'uwana ɗalibai, da waɗanda suka riga mu kama aikin gwamnati, mu dubi wannan al'amari da idon basira, domin yawancinmu daga can muka fito.

Bari mu bi tarihin abin a taƙaice. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a na tarayya, kuma ko a sunansa an faɗa ƙarara cewa na birane ne. Kano Line, wadda ita ce hukumar sufuri ta jiharmu, an san motocinta da jigila tsakanin Kano da manyan garuruwa na wasu jihohi. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo adaidaita sahu, don birni. A farkon 2013 aka hana acaɓa, a birni. KAROTA da aka kafa a mulkin Kwankwaso na biyu aikinta lura da zirga-zirga ne a kan titi, ba ta ɗaukar kowa. A 2022 Gwamna Ganduje ya ƙaddamar da manyan bas-bas 100 da tasi 50 da sunan Kanawa, su ma don titunan birni. Gwamnatoci sun sauya, jam'iyyu sun sauya, amma taswirar da suke dubawa ɗaya ce: ƙananan hukumomi 8 na cikin birni da kewaye. Jihar kuwa tana da 44. Sauran 36 ɗin fa, a kan me za su hau?

Amsar da manya suka saba bayarwa ita ce wai mutanen karkara a warwatse suke, mota ba za ta cika ba, asara za a yi. Wanda ya faɗi haka game da arewacin Kano, ko dai bai taɓa sauka daga kan kwalta ba, ko kuwa yana sane ya ƙi gaskiya. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi bincike a kan wannan yanki, ya nuna wa duniya cewa yana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma, ƙasa ce da ba a barin gona ta huta, daga wannan gida ana hango wancan, kowace gona da iyakarta da itatuwanta. Tun a wancan zamani jakuna ke shiga birni da itace su komo da taki a mangala. Watau mutanen nan sun shirya wa kansu sufuri mai tsari tun kafin a haifi waɗanda ke cewa ba za a iya ba. Yau jama'ar ta ninka, kasuwannin kuma suna nan a ranakunsu, kamar yadda Ɗambatta ke ci ran Lahadi. Duk wanda ya tsaya a bakin hanya ranar kasuwa ya ga yadda ake loda mutane a kan buhuna a bayan a-kori-kura, har wasu ƙafafunsu na reto a waje, ya san ba fasinja aka rasa ba.

Rashin motar nan kuɗi ne ake cirewa daga aljihun manomi kullum, sai dai ba a ba shi rasit. Ɗauki mutumin da ya samu buhu uku na wake da kaka. Ya sani sarai in ya kai su Dawanau zai sami farashi mai kyau. Amma daga gidansa zuwa bakin kwalta sai ya ɗauki amalanke ko babur, daga nan ya jira mota, ya biya kuɗin kansa da na kowane buhu, ya biya 'yan dako da ɗan kamasho, sa'an nan ya tanadi kuɗin komowa. In ya yi lissafi sai ya ga gara ya sayar wa wanda ya biyo shi har ƙofar gida da mota. Shi kuwa mai motar ya san lissafin nan fiye da manomin, saboda haka shi ke yanka farashi. Ana zagin dillali a banza, alhali kuwa rashin abin hawa ne ya ba shi wuƙa da nama. Da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Ma'aikacin birni ya yi kuka an ji shi, har aka yi ta zancen ƙarin albashi. Mutumin ƙauye da ba shi da albashi sai ya rage zuwa kasuwa, ya rage zuwa asibiti, ya cire 'yarsa daga sakandaren da ke nesa da gida, shiru kake ji.

Na asibitin ma ya fi ciwo. Mace ta fara naƙuda da tsakar dare a tsakiyar damina, jini ya ɓalle, asibitin da ke da likita yana hedkwatar ƙaramar hukuma. Sai miji ya bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofar mai babur, a ɗora ta a tsakiya wani ya riƙe ta ta baya, a bi burtali cikin taɓo. Malaman kiwon lafiya suna koyar da cewa jinkirin isa asibiti yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa. A ofis ana rubuta wannan mutuwa a littafin Ma'aikatar Lafiya, ba wanda ya taɓa rubuta ta a littafin hukumar sufuri, ko da yake can ne rabin laifin yake.

Wanda ke ganin na cika baki, ya tuna da Bagwai. Ran 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari, ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka Bagwai, maƙare da mutane, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. An tsamo gawa aƙalla 29. Bayan an yi jana'iza ne gwamnati ta dakatar da jigilar kwalekwale a wurin ta kuma ba da sanarwar samar da motoci. Ashe dai ana iya samun mota don ƙauye, sai dai kuɗinta rayukan yara ne.

Kada kuma wani ya ce alfarma mutanen nan ke roƙo. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa tashoshin mota da kasuwanni da lura da su, kuma ba ranar kasuwar da ba a yankar rasit a tasha. Direba ba daga aljihunsa yake biya ba, a kan fasinja yake ɗorawa. To ina kuɗin ke tafiya? Bugu da ƙari, ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko an bi hukuncin sosai ko ana jan ƙafa, uzurin da ciyamomi suka daɗe suna fakewa da shi ya soma yagewa.

Na yarda ƙaramar hukuma ɗaya ba za ta iya riƙe hukumar sufuri ita kaɗai ba. Gareji da makanikai da ma'ajiyar mai da kayan gyara sun fi ƙarfin Makoɗa ko Tsanyawa in kowace ta tsaya da ƙafarta. Amma wa ya ce sai kowace ta yi nata? A halin yanzu kowane ofis yana ƙoƙarin mallakar motarsa da direbansa: sashen lafiya da tasa, sashen ilmi da tasa, sashen gona da tasa, kowace tana aiki awa biyu ta yini a inuwa, in taya ta fashe kuma a jingine ta a kan duwatsu har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Wannan almubazzaranci ne da sunan tsari. Abin da hankali zai ɗauka shi ne ƙananan hukumomin da ke kan hanya ɗaya su haɗa hannu, na hanyar Daura rukuni guda, na hanyar Katsina rukuni guda. Gareji ɗaya, asusu ɗaya, jadawali ɗaya da aka gina a kan ranakun kasuwa. Motar da ta kai 'yan makaranta da sassafe ita za ta ɗauki masu buhuna da hantsi, ta tafi da akwatin magani zuwa ɗakin shan magani na ƙauyen da za ta ratsa, da dare kuma a bar ɗaya da direba a faɗake don masu naƙuda. Kano Line ta ba da makanikai da horon direbobi, a kuma wajabta mata da doka cewa wani kaso na abin da ta samu a dogayen hanyoyi ya tafi ga gajerun hanyoyin da ba su biyan kansu. Hukumar da aka kafa da dukiyar jama'a, in riba kaɗai take bi, me ya bambanta ta da ɗan kasuwa mai motoci? Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. A ƙasar Suwizalan tun 1906 hukumar gidan waya ta fara ɗaukar fasinja a motocin da ke kai wasiƙu, har yau kuma motocin nan masu ruwan ɗorawa suna hawa ƙauyukan kan duwatsu da ba su kai unguwa ɗaya ta Bichi yawan mutane ba.

Za a ce kayan gwamnati ba ya ƙarko, kuma direbobin haya za su rasa abinci. Na farkon gaskiya ne, mun ga gawarwakin motoci a harabar sakatariya. Abin da ke kashe su kuwa sananne ne: ba mai ganin lissafi sai wanda ya rubuta shi. A liƙa kuɗin shiga da na fita a bangon tasha kowane wata, a sa manoma da mata da malaman makaranta cikin kwamitin da ke duba shi, a ga in motar za ta mutu da sauri haka. Na biyun kuwa ba dole gwamnati ta sayi kowace mota ba. Tana iya yin yarjejeniya da direbobin da ke bin hanyar tun dā, ta cika musu giɓin mai, su kuma su tashi a kan lokaci su karɓi kuɗin da aka ƙayyade. An taɓa gwada irin wannan haɗin gwiwa a jihohin Arewa kamar Jigawa da Katsina, inda aka horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa.

Ana gyaran hanyoyin karkara da rancen Bankin Duniya, an kuma aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Madalla. Amma ban ji wanda ya tambaya ba, da me mutumin da ke nesa da tashar jirgin zai iso ta da kayansa?

Mu ɗalibai ma ba mu kuɓuta ba. Duk shekara 'yan takarar ƙungiyarmu sukan yi mana alkawarin ƙarin bas tsakanin makaranta da gari, mu yi tafi, ba wanda ya taɓa ɗaga murya don iyayen da suka sayar da akuya suka biya mana kuɗin rajista. Ku kuma da kuka riga kuka zauna a teburan ma'aikatu, ku ke rubuta takardun da kwamishina ke sa wa hannu, kun san sakin layi ɗaya yana iya shigar da hanyar ƙauye cikin kasafin kuɗi. Shawarata ga ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin arewacin Kano ita ce, a hutun nan mai zuwa kowace ta tura wakilai sakatariyarta da tambaya biyu a rubuce: nawa aka tara a tashoshin mota bara, kuma motoci nawa ƙaramar hukuma ta mallaka, nawa ne daga ciki ke tashi. A kawo amsoshin a buga a wannan mujalla, a kuma buga sunan duk ƙaramar hukumar da ta ƙi amsawa.