Raddi Ga Mai Cewa A Tsaya Kan Jmol

Wani abokin aiki, malamin lissafi, ya dage cewa idan za mu nuna wa ɗaliban Funtua da Malumfashi siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi a manhajar SageMath, to mu riƙe Jmol, mu bar Three.js. Hujjojinsa uku ne, kuma ga amsarsu.

Ta farko, ya ce Jmol tsohon hannu ne. Malam, a wace sana'a? Masana sinadarai aka gina wa Jmol, don su ga yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa. Aronsa SageMath ta yi. Kuma da Java yake aiki, alhali Chrome ya daina buɗe manhajojin Java a cikin shafi tun 2015, Firefox ya bi sahu a 2017. Masu kula da SageMath, wadda William Stein ya assasa a 2005, su da kansu suka mai da Three.js zaɓin farko a fitowa ta 9.0, cikin Janairun 2020.

Ta biyu, ya ce Three.js sai da intanet, ga data ta yi tsada. Wannan ba haka ba ne. SageMath tana zuwa da Three.js a cikinta. Burawuza ce kawai ke buɗe zanen, ko babu sabis.

Ta uku, ya ce kwamfutocinmu tsofaffi ne. Malam, wannan hujjar ai tamu ce. Three.js, wanda Ricardo Cabello ya fitar a 2010, yana miƙa aikin zane ga sashen hoto na kwamfuta ta hanyar WebGL. JSmol kuwa, magajin Jmol a burawuza, babban injin lissafi yake ɗora wa aikin, shi ya sa yake jan ƙafa idan zane ya yi yawan fuskoki. Kwamfutar da ta gaza gaba ɗaya, akwai Tachyon a SageMath mai fitar da hoto tsayayye.

Ɗan manomin masara da zai lissafa abin da rumbu ke ci yana bukatar ya juya siffar da hannunsa, ya ga gindi, ya ga jinka, ba tare da allon ya tsaya cak ba. Don haka, Malam, duk mai shirya darasi a wannan yanki ya ɗauki Three.js, ya bar wa masana sinadarai Jmol ɗinsu.