Kada Mu Raina Ɗan Kurmin Bayan Unguwa



Duk wanda ya yi watan Maris a Ibadan ya san zafin da ake sha kafin saukar damina. Amma ka bar bakin kwalta ka shiga ƙarƙashin manyan itatuwa, nan take za ka ji iska ta sauya. Gari ɗaya, rana ɗaya, amma yanayi biyu. Masana suna kiran wannan ƙaramin yanayi, wato sanyi da laimar da wani ɗan wuri ke riƙewa saɓanin kewayensa. A ganina, yanzu da duniya ke ƙara ɗumama, irin waɗannan wurare ne mafakar halittu da yawa, kuma mu ma muna da hannu a ɓarnarsu.

Ga misali a kusa da mu. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a 1967, ta bar wani ɓangare na filinta ya koma daji. Yau birni ya cinye kewayen, amma dajin yana nan cike da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi. A wannan yanki ne ake samun wani tsuntsu baƙi mai jan kai, ɗan uwan kabare, wanda masana suka laƙaba wa sunan Ibadan. Ba a san shi ko'ina a duniya ba sai kudu maso yammacin Najeriya, kuma yana cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, saboda dajin da yake rayuwa ya koma 'yan tsirarun kurmi.

Me ya sa kurmi ke da wannan amfani? Ganye yana tare rana, yana kuma fitar da laima. Busasshen ganyen da ya zuba yana rufe ƙasa, ba ta saurin bushewa. Kwaɗo da dodon-koɗi da ƙananan tsirrai ba za su iya yin hijira mai nisa don neman sanyi ba. Idan suka samu inuwa kusa, sai su tsallake watannin zafi. Idan aka sare manyan itatuwan, rana da iska su ratsa ciki, wurin ya bushe ko da an bar ragowar.

Wani zai ce, wannan ai aikin gwamnati ne, mu baƙi ne masu neman halal. Gaskiya ne talaka bai sayen itace da gawayi don nishaɗi. Gas ya yi tsada. Amma mai tsire da mai shayi da gidajenmu duk muna cikin masu saye. Kuma mu da muka ga yadda fadamu da kurmin garuruwanmu na Arewa suka ƙafe bayan an sare itatuwa, mun fi kowa sanin ƙarshen wannan hanya.

Shawarata ga ƙungiya guda uku ce. Mu dasa itatuwan inuwa a masallatai da makarantun Islamiyya da maƙabarta, a ɗora wa wani alhakin ban ruwa. Duk inda za mu yi gini, a bar tsohuwar bishiya, don sabuwa sai ta yi shekaru kafin ta maye gurbinta. Sannan mu daina zubar da shara da cinna wuta a bakin rafi.

Inuwar da ta ceci tsuntsu, ita ce 'ya'yanmu za su zauna a ciki. Allah ya sa mu dace.