Huhu ba a sayen sa a kasuwa

'Yan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Arewa, a Turai da Amurka likitoci suna iya cire huhun da ya lalace su dasa wani. An fara gwada wannan aiki a Amurka a 1963, amma majinyacin kwana 18 kawai ya yi ya rasu. Sai a 1983, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka samu wanda ya rayu shekaru.

Kada mu ɗauka da zuwan mutum sai a kwantar da shi a yi masa aiki. Tukuna! Za a auna numfashinsa, a duba zuciya da ƙoda da hanta, a ɗebi jini sau da yawa. Mai shan taba sai ya bar ta aƙalla wata 6. Wanda jikinsa ya raunana ƙwarai, sau da yawa a ce masa a'a. Har tambayarsa ake yi: wa zai yi jinyarka? Wanda aka amince da shi kuma sai ya zauna jira, domin daga jikin mamaci ake ɗauko huhun, kuma dole ne jininsu da girman ƙirjinsu su dace. Wasu suna cikawa cikin jiran nan. Wanda ya samu kuwa, shan magani ne kullum har ƙarshen ransa, don kada jiki ya ƙi baƙon huhu.

Ba a yin wannan aiki a Nijar. Ko a Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002, ba a dasa huhu. Saboda haka muke ganin namu aikin shi ne tsaron wanda Allah ya ba mu.

Tarin da ya wuce sati 2, a kai kaki likita, a Dogondutsi ko a Tibiri, a auna. Maganin tarin huka kyauta ne, wata 6 ake shan sa. Abin da ke ɓata mana rai shi ne mutum ya ji sauƙi a wata na biyu, damina ta faɗi, ya ajiye magani ya ɗauki hauya. Ciwon yakan dawo, wani sa'in har ya daina jin magani, ya ci huhu, ya kama yaran gida.

Samarinmu masu tafiya haƙar zinari kuma su rufe hanci da baki, domin ƙurar dutse in ta zauna cikin huhu ba ta fita. Iyayenmu mata su hura wuta inda iska ke kwashe hayaƙi, goyo kuma a ajiye shi nesa da murhu.