Kira ga Hukumomi kan Allon Kwamfuta da ke Dusashewa Idan An Ɗauke Wuta

Mai girma Darakta Janar na Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA. Mai girma Darakta Janar na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON. Mai girma Shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC. Muna neman izinin kawo muku kukan ɗalibai da ƙananan ma'aikata da masu shagon buga takardu, waɗanda abincinsu ya rataya a kan kwamfutar tafi-da-gidanka. A ƙasashen da ake ƙera ta, komawa kan batir abu ne na lokaci-lokaci. A nan kuwa, inda ake ɗauke wuta safe da yamma, a kan batir take wuni, kuma da zarar wuta ta tafi sai allo ya dushe, ko ya riƙa ƙyaftawa, ko ya yi baƙi ƙirin.

Ranka ya daɗe Darakta Janar na NITDA, sau da yawa allon nan lafiyarsa lau. Manhajar Windows na rage haske idan aka zare caja, Windows 10 kuma na ƙara ragewa idan batir ya sauka zuwa kashi 20. Kamfanin Intel na da tsarin tsimin wuta da ke sauya hasken allo a kan batir, AMD ma na da nasa mai suna Vari-Bright, kuma dukkansu ana iya kashe su. Allon da ke sabunta hoto sau 120 ko 144 a daƙiƙa yakan koma 60, shi ne baƙin da ake gani na ɗan lokaci. Amma talaka na kai kwamfutar shago sai a ce masa "sikirin ne ya tafi", a canja allon da bai lalace ba, ya koma gida matsalar na nan. Ba duka masu gyara ke yin haka da gangan ba. Da yawansu a gaban maigida suka koyi aiki, abin da bai sani ba su ma ba su sani ba. Muna roƙon hukumarku ta kai horo kasuwanni irin su Farm Centre a Kano, ta kuma fitar da ɗan littafi da Hausa mai nuna abin da za a fara dubawa: saitin wuta, sai direban hoto, sai a haska tocilan waya a kan baƙin allon. In hoto ya bayyana dishi-dishi, fitilar bayan allon ce ba ta kama ba.

Ranka ya daɗe Darakta Janar na SON, wani lokacin batirin ne. Jabun batir yakan nuna ya cika, a zare caja kwamfuta ta mutu nan take, zafin bazara kuma ya kumbura shi har ya ɗago madannai. Tsarinku na SONCAP don tantance kayan da ake shigowa da su aka kafa shi. Muna roƙon a tsananta shi kan batura da cajoji, a kuma riƙa bin su har cikin kasuwa.

Ranka ya daɗe Shugaban FCCPC, yawancinmu kwamfutar da aka taɓa amfani da ita muke saye, kuma a jone da wuta ake gwada mana ita. Alhali Windows na fitar da rahoton batir cikin ƙasa da minti ɗaya, ya nuna ƙarfinsa na asali da abin da ya rage. Dokar 2018 da ta kafa hukumarku ta ba mai saye haƙƙin sanin halin da kaya ke ciki. Muna roƙon a wajabta wa dillalai rubuta waɗannan alƙaluma biyu a kan rasit, su kuma zare caja a gaban mai saye kafin ya ƙirga kuɗi.

Muna sauraron matakin da za ku ɗauka. Allah ya taya ku riƙo.