Wutar Rana Da Ruwan Manoma

A watan Fabrairu na 1972 ba wanda ya san za a yi wannan magana, amma a shekarar ce aka gama gina madatsar ruwa ta Mansur Addahabi a kan kogin Dara'a, kusa da garin Warzazat na ƙasar Maroko, domin amfanin manoman dabino. A 2016 Sarki Muhammadu na Shida ya buɗe tashar lantarki ta Nur ta Ɗaya a gefen garin, mai ƙarfin megawat 160, ita ma kuwa daga wannan madatsa take shan ruwa, kimanin lita miliyan 1,700 a kowace shekara.

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa wutar rana da ruwa. Irin wannan tasha dabam take da fayafayan da ake kafawa bisa rufin gidaje. Dubban madubai ne ke tattara zafin rana wuri guda, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke ba da wuta. Bayan tururin ya gama aikinsa tilas a sanyaya shi ya koma ruwa, a nan ne kuwa asarar take. In da ruwa ake sanyayawa, kowane megawat na awa guda yana cin fiye da lita 3,000, akasarinsu kuma iska ke kwashewa. Ga shi wuraren da rana ta fi ƙarfi su ne ruwa ya fi ƙaranci.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Ana iya bi da tururin ta cikin bututai a sa manyan fankoki su hura musu iska, watau kamar yadda lagireton mota ke aiki. Wannan hanya tana rage kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da tasha ke sha. Da ita aka gina Shams ta Ɗaya a Abu Dabi a 2013, da Ibanfa a hamadar Kalifoniya ta Amurka a 2014. Maroko kanta, da ta zo gina Nur ta Biyu da ta Uku waɗanda suka fara aiki a 2018, iska ta zaɓa.

Lalle akwai tsada. Kayan aikin sun fi kuɗi, fankokin suna cin wuta, kuma ranar da zafi ya tsananta wutar da tashar ke bayarwa tana raguwa. 'Yan kwangila kan fake da wannan, su ƙara da cewa abin da tasha ke ɗiba ɗan kaɗan ne in an gwada da abin da madatsa ke iya riƙewa. A ganinmu wannan lissafi na shekarar damina mai albarka ne. Maroko ta sha fari shekaru a jere, har a 2025 Sarki ya roƙi jama'a su haƙura da yanka ragon layya saboda dabbobi sun ragu. A irin wannan shekara ba a auna ruwa da girman madatsa, sai da abin da ya rage a cikinta.

Ko an koma iska, wankin madubai na nan, don madubi mai ƙura ba ya tara zafi. Ana rage wannan ta hanyar amfani da motocin buroshi da tace ruwan wanki a sake aiki da shi. Duk wanda ya san ƙurar hunturu a ƙasashenmu na bakin Sahara ya san wannan ba ƙaramin kashe ruwa ba ne.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun lantarki da na ruwa na ƙasashen Afirka da ke sha'awar bin sawun Maroko, kada su sa hannu a kwangilar irin wannan tasha sai an rubuta a cikinta cewa da iska za a sanyaya, an kuma faɗi yawan litar da za a ɗiba a shekara, da inda za a ɗebo ta, da manoman da ke shan wannan ruwa tun kafin a zo da madubai.