Wa zai biya kuɗin yashe tur'a a Managil?

A watan Agustan 2022 ambaliya ta cinye ƙauyuka da dama a yankin Managil na ƙasar Sudan, ta rusa gidajen ƙasa, ta yanke hanyoyin shiga gari. Ruwan sama ya yi yawa, amma magudanan da suka cushe da laka da ciyawa su ne suka ƙara tsananta ɓarnar, kuma shekara da shekaru ba a tsayar da wanda zai ɗauki nauyin gyaransu ba.

Tun da aka kammala madatsar Sennar a 1925, aka kuma faɗaɗa noman rani na Jazira zuwa Managil a ƙarshen shekarun 1950, gari da ƙauye daga rijiya ɗaya suke sha. Gyaɗar da masana'antun Managil ke matsa su fitar da mai daga hawasha, wato gonakin noman ranin Jazira, take fitowa. Masu nome ta da masu cire ta kuwa, da yawansu mazauna kanabi ne, wato zangon leburori da ke bakin tur'a, magudanar ruwan noma: Hausawa, waɗanda wasu kakanninsu suka biyo hanyar Makka ko suka bi sahun Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da kuma mutanen Darfur. Suna biyan harajin kasuwa idan suka kawo buhu gari. Su koma kambo, wato zangonsu, inda mace ke ɗibar ruwan sha a tur'ar da jaki ke sha, yara kuma su taka sayyada zuwa makarantar wani ƙauye.

Dokar Jazira ta 2005 ta ɗora kula da ƙananan magudanai a kan ƙungiyoyin manoma. Nauyin ya fi ƙarfinsu, laka ta ci gaba da taruwa.

Da Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disamban 2023, Managil ta karɓi gwamnatin jiha da ɗimbin 'yan gudun hijira, kuma dawar karkara ta taimaka wajen ciyar da su. Yanzu da ake maganar sake gina jihar, ya kamata ƙaramar hukuma ta buɗe asusun haɗin gwiwa wanda 'yan kasuwa da masu masana'antu da hukumar noman rani na Jazira da ke Barakat za su riƙa zuba wa kuɗi, don yashe magudanai kafin damina da haƙa rijiyoyin burtsatse. A kuma ba wakilan kanabi kujera a kwamitin da zai yanke inda za a fara aiki.