Kwale-kwale Biyu, Filafili Ɗaya: Uwar Garke da Matsalar Faifan Tashi

Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka da dama na ƙasar Yauri, aka tayar da Gungawa da maƙwabtansu zuwa sababbin matsugunai. Yawancin abin da ya rage na tarihin waɗannan wurare yana bakunan dattawa ne, sai kuma muryoyi da hotunan da manazarta ke tattarawa a Birnin Yauri da Ngaski da Shanga. A yau irin wannan taska takan ƙare ne a cikin uwar garke, wato babbar kwamfutar da bankuna da kamfanoni da jami'o'i ke ajiye bayanansu. Don haka lafiyar wannan na'ura ta shafi masanin Hausa kai tsaye.

Dabarar da kamfanoni suka fi dogara da ita ita ce RAID, wadda Patterson da Gibson da Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana a muƙalarsu ta 1988. A matakin RAID 1 ana rubuta komai a kan faifai biyu lokaci guda, idan ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. RAID 5 yana buƙatar aƙalla faifai uku, yana kuma jure mutuwar ɗaya. RAID 6 yana jure mutuwar biyu.

Sai dai akwai ɓaraka. Kafin kwamfuta ta karanta kowane bayani, dole ta tashi, kuma tashin yana dogara ne da wata ƙaramar manhaja, kamar GRUB, da ke zaune a wani keɓaɓɓen sashe na faifai. Idan manhaja ce ke haɗa tagwayen faifan, sau da yawa wannan sashe ba ya cikin abin da ake kwafewa, sai an kwafe shi da gangan. Faifan farko zai iya mutuwa na'ura ta ci gaba da aiki lami lafiya. Ranar da aka kashe ta aka sake kunnawa, sai ta ƙi tashi, alhali bayanan suna nan daram. Kwale-kwale biyu ke nan da filafili ɗaya.

A inda lantarki ke tsaye, uwar garke kan yi watanni ba a kashe ta ba, har a gano matsalar a gyara. A Yauri kuwa, duk da kusancinta da Kainji, ɗaukewar wuta kan tilasta wa na'ura sake tashi ba shiri, ɓoyayyen aibi ya bayyana a ranar da ba a so.

Saboda haka bai kamata sashen nazari ya gamsu da jin cewa “akwai RAID” ba. A sanya manhajar tayarwa a kan kowane faifai, a tsara wa na'ura ta nemi na biyu idan na farko ya gaza. A gwada: a zare faifai ɗaya da gangan, a kunna a gani. A tanadi batirin ko-ta-kwana. Sannan a ajiye kwafe na daban a wani gari, domin RAID ba ya kare gobara ko sata, kuma abin da aka goge bisa kuskure a faifai ɗaya nan take yake gogewa a ɗayan. Dattijon da aka naɗi muryarsa da harshen Reshe ba lallai ne a sake samunsa ba.